Ramin Bayan Sito

Ana kiran magariba a unguwar Ruwais, can ƙasar Larabawa, Othman Dabo, jikan Hausawan da suka zo aikin hajji suka zauna, na tsugune a tsakar gida yana alwala. Iskar teku ta ɗauke tun la'asar, ko kyanwa ba ta motsi a lungu. Yana shafar kai ke nan dutse ya faɗo ya fasa butar da ke gabansa. Na biyu ya sami matarsa Aishatu a goshi, jini ya wanke mata fuska. Ya hau rufin gida da gudu, bai ga kowa ba.

Kwana biyar ana haka, kullum da faɗuwar rana. Gilasan tagogi suka ƙare. Wani wari mai yaji, mai sa hawaye, ya cika ɗakuna. Othman ya san warin nan, amma ya ja bakinsa.

Shi ne jami'in kiyaye haɗurra a wata masana'antar wanke ƙarfe da ke Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antu ta birnin. Doka ta ce asid ɗin da aka gama aiki da shi a rufe shi a durom, mota mai lasisi ta kwashe, mai taɓa shi kuma sai da tabarau da takunkumi. Manaja ya ce ɓata lokaci ne, a tuttule a tsohon ramin bayan sito. Othman ya sa hannu cewa komai na bisa ƙa'ida. Makon jiya ya tura Musaddiq, wani lebura ɗan Najeriya, ya juye durom haka nan ba kariya. Ramin ya tafasa, ruwan ya fantsamo masa a fuska. Aka rubuta cewa a masaukinsa ya ƙone, aka ce in ya buɗe baki kafili, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, zai soke iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar.

Rana ta shida ba a yi jifa ba. Shahad, 'yarsu mai shekara goma sha bakwai, ta fito da farantin shayi, ta tsaya cak. Idanunta suka juye. Uban ya matso ya dafa ta, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta maka da bango. Ya ji ƙashin damtsensa ya karye.

"Abu Shahad," in ji Aishatu, "wannan ba 'yata ba ce."

Kafin isha ta ɗauko Shehi Muath daga unguwar Balad, tsohon malami mai ruƙiyya. Ya zauna a kan darduma ya fara karatu a hankali. Yarinyar tana birgima, tana buga ƙeya da ƙasa, tana kartar wuyanta har fata ta saɓule. Can ta yi tsit. Shahad da Larabci ta tashi, Hausa sai dai ta ji, amma muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, da Hausar mutanen da.

"Ya isa haka, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Da kakannin waɗannan na zo, a ƙafa. Ina ramin bayan siton nan tun babu tubali ko ɗaya a wurin. Uban yarinyar nan ya dafa min 'ya'ya biyu da ransu."

"Me kike nema?"

"Idanun 'yarsa."

Yatsun Shahad suka nufi fuskarta. Aishatu ta faɗa kanta ta danne hannuwan, yarinyar ta gartsa mata cizo a kafaɗa, ba ta saki ba.

"Yarinya ba ta zuba komai ba," in ji Shehi. "Shi ma bai san kuna ciki ba. Ku ba a ganinku."

Muryar ta yi dariya mara daɗi.

"Ni bai gan ni ba, na yarda. Ɗan Adam ɗin da ya tura fa? Shi ma bai gan shi ba ne?"

Shehi ya waiwayo ya dubi Othman. Yana jingine da bango, hannu na reto, ya faɗi komai a gaban matarsa.

Aka daɗe ana ja. Ta ce a ba ta ido ɗaya, Shehi ya ƙara karatu har ta yi ihu. Daga ƙarshe ta ce a kwashe ramin, a rufe shi, kuma Othman ya je da ƙafarsa ya faɗa wa hukuma da bakinsa kafin Alhamis. Ya rantse. Shehi ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Yatsan ya yi karkarwa, ya tsaya. Shahad ta buɗe ido ta ce, "Yumma, ruwa."

Da safe ya tafi ofishin ƙwadago da hannu a ɗaure. Masu bincike suka zo, suka garƙame sashen, aka gyara rahoton Musaddiq ya koma raunin aiki. Othman ya rasa aikinsa da lasisinsa a rana ɗaya.

Daga nan ya wuce asibiti. Musaddiq na kwance, rabin fuskarsa a naɗe, idon hagu ya tafi.

"Ka yafe min, ɗan'uwa."

Musaddiq ya daɗe yana kallonsa da idon da ya rage.

"Oga, ranar na roƙe ka tabarau, ka ce yalla, in yi sauri, babu. Na gan su a kabad ɗinka, sababbi, ko leda ba a cire ba."

Ya juya fuskarsa bango. Othman ya tsaya a bakin gadon har ma'aikaciyar jinya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.