Koren Fakiti a Kan Inji Na Uku

Ƙarfe tara da rabi na safiyar Talata aka kira 'yan sanda daga masana'antar Hengming, a bayan garin Taichung. An yi sata a ƙarshen mako. Sufeto Fang ya bar shayinsa ya tafi.

Tsinkayen gwajin suga ake yi a wurin, irin waɗanda mai ciwon ke ɗiga wa jini ya sa a na'ura ta ba shi lamba. Kowane tsinke ana shafa masa sinadari a baki, a busar. In shafin ya kwanta daidai, lambar gaskiya ce. In gefe ɗaya ya fi kauri, tsinken ya yi ƙarya.

Madam Liao, mai masana'antar, ta tare shi a ƙofa, ta kai shi ofishinta.

"Ba sai ka wahala ba, Sufeto. Na riga na gano ɓarauniyar."

"Madalla. To ni tafi kika kira ni in yi miki? Me aka sata?"

"Kwalaye shida na rukuni na arba'in da bakwai. Samfurin da doka ta ce mu ajiye. Wulan ce, 'yar Indonesiyar da ke aiki a inji na uku. Na kira dillalin da ya kawo ta, ranar Juma'a za ta hau jirgi."

"An taɓa kawo ƙorafi a kan rukunin?"

"Ko ɗaya."

Fang ya jawo wata takarda daga ƙarƙashin gwiwar hannunta. Daga hukumar lafiya take. Wani tsoho ya gwada jininsa da tsinken rukunin, tsinke ya ba shi ɗari biyu da sittin, ya yi wa kansa allurar rage suga, ya faɗi. A asibiti aka ga casa'in ne. Gobe jami'ai za su zo gwada samfurin.

"Ko ɗaya," ya maimaita. "Madam, ina da hawan jini. Kada ki ƙara mini."

Kabad ɗin da ake ajiye samfurin ba a fasa shi ba. Makulli biyu ne, ɗaya wurin Madam, ɗaya wurin babban injiniya, Shifu Kang. Wulan ba ta da shi.

"Amma ita ke share ɗakin," in ji Madam.

"Da tsintsiya ake buɗe kwado?"

An zaunar da Wulan a ɗakin cin abinci. Shekara uku tana aiki, fasfo ɗinta yana aljihun teburin Madam.

"Ban ga komai ba, Yallaɓai."

"Ban ma tambaye ki ba tukuna."

"To ban ga komai ba."

Ya ja tsaki ya fita.

Kafin ya shiga ɗakin injuna aka sa masa farar riga da hula da takalmin leda, duk sun yi masa kaɗan. Shifu Kang, mai shekara ashirin da biyu a wurin, shi ya yi masa jagora.

"Injin nan, Sufeto, in ya ɗiga dubu, dubun nan kamar tagwaye suke. Ni na raine shi."

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Can garin Nantou, wurin 'yata. An rufe nan ranar Lahadi."

A kan kowane inji akwai koren fakitin cincin, ba a buɗe ba. Fang bai yi mamaki ba. Ko a ofishinsu akwai ɗaya a kan kwamfuta, wai don kada ta yi gardama. Dole kore, dole kada kwanansa ya ƙare. Masu digiri biyu ma sun yarda da wannan, abin da ya daɗe yana ba shi haushi.

Ya miƙa hannu. Mutum huɗu suka yi ihu tare.

"Kada ka taɓa!"

Ya taɓa. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Biyar kwanan wata ɗaya ne, na katan ɗin da Madam ke saye duk sabuwar shekara. Na inji na uku a watan nan aka yi shi.

"Ina tsohon?"

"Kwanansa ya ƙare," in ji Kang.

"Shi kaɗai? 'Yan uwansa suna da sauran wata huɗu."

Ya zagaya bayan injin, inda ragar ƙarfe ke jan iskar da ke busar da shafin. A rabin ragar akwai sawun salatif, da koren fenti da zafi ya narkar ya manne.

Asibiti sun dawo da ragowar tsinkayen tsohon. Fang ya sa aka haska masa su. Ba sai masani ba. Gefe ɗaya sinadarin ya taru kamar ƙanzo a gindin tukunya, ɗaya gefen da ƙyar ake ganinsa.

Ya koma wurin Wulan, ya ajiye tsinke ɗaya a gabanta.

"Ki ci gaba da rashin gani, Juma'a ta zo. Zaɓi naki ne."

Ta ɗauki tsinken ta duba.

"Kwana tara fakitin yana manne a ragar. Injin ne ya dinga tsayawa, Shifu ya ce a matso da shi kusa da numfashinsa. Na ce zai toshe iska. Ya ce, 'Ke kika haifi injin?'"

"Wa ya cire?"

"Ranar Asabar yana nan. Litinin na ga sabo a sama."

Fang ya kai wa Kang wannan maganar, Kang ya yi dariya.

"Yarinyar da ba ta iya karanta sunan injin ba? Ita ta manna, ita ta cire. Sufeto, ka san halinsu."

"Ban sani ba. Naka nake koyo. Ba ni jakar aljihunka."

A ƙasar nan ba mai yar da rasit, tun da kowanne yana ɗauke da lambar cacar gwamnati. Na Kang a jere suke, an ɗaure da roba. Na uku daga sama na shagon da ke kallon ƙofar masana'antar ne. Lahadi, ƙarfe goma da kwata na safe. Koren cincin, guda ɗaya.

"Nantou ta matso kusa," in ji Fang.

Kang ya zauna a kan wani kwali.

"Na ga takardar hukuma ranar Asabar. Na gane abin da na yi. Na zo na cire shi, na kwashe samfurin."

"Da ka cire, ka tafi abinka, wa zai sani? Me ya kai ka sayen sabo?"

Kang ya ɗago da mamaki na gaske.

"In bar inji haka nan, ba komai a kansa?"

Fang ya rufe ido, ya ƙirga zuwa biyar.

"Kwalayen fa?"

"Suna ƙarƙashin kujerar babur ɗina."

"Ita kuma yarinyar?"

"Na ɗauka gida kawai za a mayar da ita. Ai ba kurkuku ba ne."

Aka sa masa ankwa a kan farar rigar, aka wuce da shi ta gaban ma'aikatan da ya koya wa aiki.

Madam Liao ta tafa hannu. "To, an gama. Wulan, koma kan aikinki."

"Ba a gama ba," in ji Fang. "Kwalaye nawa na rukunin ke shagunan magani?"

"Dubu goma sha ɗaya."

"Ɗauki waya ki fara kiransu. Kafin nan, buɗe aljihun teburin."

Ta buɗe. Ya ɗauko fasfo ɗin ya miƙa wa Wulan. Ta buɗe ta duba hoton, ta sa a aljihu, ta ja zif.

"Yallaɓai, tsohon da ya faɗi fa?"

"Ya farfaɗo."

"To bari in je in goge ragar."

"Kada ki taɓa ta, shaida ce. Ki je ki ci abinci."