Goron da Malam Sallau Ya Mayar

Taiba na sheƙar gero a tsakar gida mahaifinta Malam Sallau ya shigo, ya dire ƙwaryar goro gaban uwarta.

"Marka, a mayar wa dangin Jatau da goronsu! Yaron da ke lanƙwasa wa masu katafila harshe ba ya auren ɗiyata!"

"Haba Malam, tafinta ne fa, ba shi ke tuƙa ta ba..."

"Bakinsu ne! Gonaki nawa suka baje a Birnin Tudu don madatsar ruwan Bakolori?"

Taiba ta saki faifai, hawaye shar.

Da la'asar Taiba ta tari Jatau bakin rijiya.

"In bar aikin ne, Taiba?"

"Kul! Ba kai ka ce mini kalma guda ta Turanci kan ɗauki ma'ana uku, sai an dubi inda ta zauna ba? To Baba kusa da injiniya kawai ya taɓa ganinka. Ka bari ya gan ka wani wurin. Ni ina nan, ko da furfura!"

"Furfura kuma? Sori, ban shirya auren kaka ba!"

Ranar da katafila ta iso gonar Malam Sallau, gero ya yi kai amma bai ƙosa ba. Tsoho ya tsaya gabanta riƙe da hauya. Sai ga Jatau ya diro daga motar kamfani, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. Ya yi wa injiniya Turanci tiryan-tiryan: abincin shekara ne wannan, a jira girbi.

"Ko ka kauce, ko ka bar aiki!" in ji injiniya.

Jatau ya tuɓe hular kwano ya ajiye kan kunyar gero. Bai gusa ba har katafila ta juya.

Da girbi ya zo, Jatau ya tara abokansa gayya, suka yanke geron tas. Malam Sallau ya dubi kantar hannun yaron.

"Tafinta, mi ake ce wa suruki da Turanci?"

Jatau ya durƙusa. "Baba, wanga ba a faɗa tai, sunkuyawa akai."

Tsoho ya tuntsire da dariya. "Marka! Aika a dawo da goron nan!"

Guɗar Marka har ƙauyen gaba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kuma mutum kamar kalma yake, kada ka yanke masa hukunci sai ka ga inda ya tsaya.