Ambulan Ta Arba'in Da Bakwai

"Ɗaga ta a rana kawai, Sakinatu... ba wanda zai sani."

Uwaisu ne, wanda zai aure ta, ya faɗa ƙasa-ƙasa, a ɗan asibitin ƙauyensu da ke bayan Minjibir. Mahaifiyarsa, Inna Hure, tana kan benci, ƙafafunta a kumbure.

Sakinatu ta dubi rufaffiyar ambulan ɗin da ke hannunta. Digiri na biyu take yi a Kano kan yadda ake gwajin magani, kuma aikin da aka ba ta ke nan: maganin hawan jini tsoho da sabo, a ga wanda ya fi. Duk wanda ya yarda ya shiga, ambulan ɗin da ta faɗo kansa ita ke faɗin wanda zai sha. Ta arba'in da bakwai ce ta faɗo kan Inna.

Uwaisu so yake ta leƙa, in tsohon ne ta tsallake. A shekarar nan da gero ya gagari talaka, duk abin da aka kira sabo ceto ake ɗaukarsa.

Ta yi bayani har bakinta ya bushe. Ba wanda ya san wanda ya fi, ita ma ba ta sani ba, kuma in ta zaɓar wa mutum ɗaya, wahalar mutum ɗari biyu ta tashi a banza.

"Ka yi haƙuri, masoyina..."

Ta farke ambulan ɗin.

Tsohon ne.

Kafin la'asar, Luba 'yar kawun Uwaisu, wadda ta daɗe da ɗora masa ido, ta gama zaga gidaje cewa 'yar boko ta jefa ƙuri'a da ran surukarta. Dangi suka ce a dakata da lefe. Uwaisu ya ɗauke ƙafa, ko wucewa zai yi sai ya karkata babur ta gonakin gyaɗa.

Kaɗaici ya ci Sakinatu. Ita kaɗai take cin abincinta a barandar asibiti, kunnenta na bin ƙarar kowane babur. Inna Hure ce kawai ba ta canja mata fuska ba. Duk wata tana zuwa awo.

"Ke dai yi aikinki, 'yar nan," take cewa.

Da kaka Allah Ya yi wa Inna rasuwa.

Bayan shekara Sakinatu ta haɗa sakamako. Sabon ya fi, nesa ba kusa ba. Malamanta suka ce aiki ne mai tsabta, dubban mutane za su amfana. A makon aka ɗaura auren Uwaisu da Luba.

Ta buɗe kwamfuta ta gangara layi na arba'in da bakwai. Mace, shekara sittin da biyu, tsohon magani, ta rasu.

Hawaye suka zubo mata. Ko yau aka sake miƙo mata ambulan ɗin nan ba za ta ɗaga ta a rana ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.