Haƙorin Saman Baba Gunu

Ranar da Bake ta fara ganin Likita Sabi, hannunta na dafe da kunci, idanunta sun kaɗa sun yi jawur. Ta daɗe tana kai-komo a ƙofar ɗan asibitin haƙorin da ke bayan kasuwar garin Faraku kafin ta yi ta maza ta shiga.

Ko zama ba ta yi ba ta jero masa tambayoyi. "Likita, da zafi? Cirewa za ka yi? Nawa ne? Ka faɗa mini tun yanzu, in ya fi ƙarfina in koma shagon ɗinkina in ci gaba da tauna kanumfari."

"Zauna mu gaisa tukuna, ƙanwata," ya ce yana murmushi. "Dubawa ba ta ciwo. In na gani zan faɗa miki abin da ke nan da kuɗinsa. Ba zan taɓa komai ba sai kin ce to."

Ashe ɗan rami ne. Ya wanke, ya cike, yana aiki yana gaya mata duk abin da zai yi kafin ya yi shi. Ita da ta shigo da shirin kuka, sai ga ta ta ɓige da satar kallon girarsa ta saman ƙyallen da ya rufe hanci.

Da la'asar saƙo ya shigo wayarta: "Barka da yamma, Bake. Likita ne. Yaya haƙorin? Kada ki tauna ta wannan gefen sai gobe."

Ta rubuta: "Lafiya lau, na gode. Haka kake bin duk marasa lafiyarka da saƙo?"

"Duka nake bi. Amma amsarki kaɗai na zauna jira."

Daga nan fa likita ya tsiri kai mata ɗinkin riguna. Yau yadi, jibi yadi, har Bake ta ce masa, "Likitana, jiki ɗaya dai gare ka." Ya ce, "Sahibata, to ki ba ni wani dalilin zuwa, in huta da sayen yadi." Ta sunkuyar da kai tana dariya, don ta riga ta kamu, kuma ta sani.

Sai dai da kawunnan Sabi suka je neman iri, mahaifinta Baba Gunu ya ce sam. Manomin doya ne, mutum mai kirki, amma in ya kafe ko tarakta ba ta jan shi.

"Mai sana'ar tumɓuke abin da Allah ya dasa? Yayana haƙorin sama aka cire masa a tasha, bai shekara uku ba idonsa ya rufe. Kowa ya san jijiyar ido a haƙorin sama take. Su makantar da kai, kuma ka biya su! Ga Woru mai sayen kashu, yaron kirki, shi na sani."

Bake ta yi kuka har ta gode Allah. Sabi kuwa cewa ya yi, "Kada ki yi masa musu. Tsoronsa na gaske ne, ɗan'uwansa ya rasa ido, ko da ba haƙorin ne sanadi ba."

Ana cikin haka sai haƙorin turmin Baba Gunu ya tashi da ciwo, kuma na sama. Ya yi kanwa, ya yi gishiri, shiru. Woru, garin neman gindin zama, ya kawo wata kwalba daga kasuwa, wai tana kashe tsutsar haƙori. Maganin kwalbar ya saɓule wa tsoho dasashi, kunci ya haye, sakwarar da ba ya wuni bai ci ba ta gagare shi.

Bake ta tura saƙo: "Likitana, ka zo gida ka cire masa. Baba zai mutu."

Amsa ta dawo: "Ba zan cire a gida ba, Bake. Ki kawo shi."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta: "Ramuwa za ka yi don ya hana ka ni? Ban san haka kake ba."

"Wallahi ba ramuwa ba ce, hasken idona. Kayan aikina a tsaftace suke a nan, a gida zan iya ƙara masa cuta. Mahaifinki mahaifina ne. Ki kawo shi, ko zagina zai yi."

Kunya ta kama ta. Ta tare ɗan acaba, ita da Inna, mahaifiyarta, suka tallabo tsoho, wanda ciwo ya riga ya cinye masa ƙarfin gardama.

Yana hawa kujera ya ɗaga hannu. "Tsaya, yaro. Nawa?"

Bake ta ƙifta wa Sabi ido ya ce kyauta. Ya yi kamar bai gani ba. Ya rusuna ya faɗi kuɗin da kowa ke biya, ya ƙara da cewa, "In ya yi nauyi, Baba, a kawo rabi in an sayar da doya. Da zan ce kyauta, za ka ce da haƙori na sayi 'yarka."

Tsoho ya dube shi da kyau, karon farko. "Idona fa?"

"Hanyar ido daban, ta haƙori daban. Yau magani zan ba ka kumburin ya sauka. Ba zan taɓa ba sai ka dawo da ƙafarka."

Kumburi ya sauka, ya kuwa dawo da ƙafarsa. Bake na zaune a benci a waje, ta ji lokacin da allura ta shiga. Baba Gunu, wanda ko saran maciji bai taɓa sa shi ƙara ba, ya kurma ihu yana kiran uwarsa da ta rasu tun Bake ba ta zo duniya ba. Can sai muryar Sabi a hankali, "An gama, Baba."

Ta leƙa. Ga tsoho da auduga a baki, ya rufe idon dama yana duban bango, ya buɗe ya rufe na hagu. Ya waiwayo ya gan ta tar, har da hawayen da ke kumatunta.

Suka mayar da tsoho gida. Sai da ya ci sakwara malmala biyu ranar Juma'a, ya wanke hannu, sannan ya kira ta.

"Bake, yaron nan ya faɗa wa wani abin da ya ji?"

"Me ya ji, Baba? Ni dai ce mini ya yi bai taɓa ganin jarumi kamarka ba."

"Maƙaryaci ne, amma mai ladabi." Ya gyara zama. "Mutumin da ya leƙa cikin bakina, ya ji ni ina kiran uwata, ba zan bar shi yana yawo a gari a matsayin bare ba. Gara ya zama ɗan gida. Ki ce kawunnansa su dawo."

Bayan an haƙe doya aka ɗaura aure. Da za a kai amarya, Baba Gunu ya kama hannun Bake ya danƙa wa gwaggon ango.

"Ki gaya masa na yarda da hannunsa. Yadda ya riƙe ni a hankali, haka nake so ya riƙe ta. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Bake ta ce amin a ƙarƙashin mayafi, tana kuka tana murmushi.