Sunayen da Muhaimin Ya Sayar

Mutane suna ganin wanda ya mutu ya gama asara, babu sauran abin da za a ƙwace masa. Ni ma haka na ɗauka kafin abin da ya sami Muhaimin. Sunana Abukari, kafinta ne ni a unguwar Anloga, kuma mun daɗe muna aiki a rumfa ɗaya da shi, yana riƙe katako ina jan zarto. Abin da zan gaya muku, wani da idona na gani, wani kuma shi ya faɗa mini da bakinsa a lokacin da faɗar ba ta da sauran amfani.

Muhaimin mutum ne mai shiru. Yana goye mahaifinsa ya rasu, ba shi da wa, ba shi da ƙane, kuma babu wani dangin uba da ya taɓa leƙo su. A Zongo, unguwar Hausawan da suka zauna nan Kudu, kowa yana da inda yake jingina. Wannan ya ce kakansa Bakano ne, wancan ya ce su Katsinawa ne tun zamanin fataucin goro. In ana irin wannan hira da rana, sai Muhaimin ya sunkuyar da kai ya ci gaba da cin abincinsa. Ran Sallah gidajen mutane su cika da baffanni da gwaggwanni, shi kuwa daga tsohuwarsa Mma Hajaratu sai matarsa Salamatu da 'ya'ya biyu. Namijin sunan mahaifin Muhaimin aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Baba. Macen kuma ta ci sunan kakar Muhaimin ta wajen uba, ana kiranta Nana.

Wata damina rufin ɗakin tsohuwar ya yi yoyo. Garin janye gado suka ci karo da adakar marigayin, wadda ba a buɗe ba tun rasuwarsa. A ciki akwai tsofaffin takardu da rubutun ajami, naɗe a cikin fata, gefensu duk gara ta taɓa. Muhaimin ya kai wa wani dattijon malami ya karanta masa. Wasiƙun fatake ne, sai kuma wata doguwar takarda mai ɗauke da salsala: wane ya haifi wane, wance ta auri wane, tun daga wani madugu da ya sauko daga Arewa da jakuna ya bi ta garin Salaga.

Ban taɓa ganin Muhaimin cikin farin ciki irin na lokacin nan ba. Ya riƙa barin aiki yana zuwa gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati a cikin gari, ya zauna cikin ƙura yana buɗe manyan littattafan zamanin Turawa, har ya samo sunan madugun a jerin manyan 'yan goro, da filayen da aka ba shi. Ya je maƙabartar Tafo ya yi ta dubawa har ya gano kabarin kakansa, ya share ciyawa, ya dawo ya yi sadakar masa da koko. Ya ce mini, “Abukari, ashe ni ma ɗan wasu ne.”

Da abin ya tsaya nan, da babu labari. Amma takardun nan ba dangi kaɗai suka nuna masa ba, sun nuna masa dukiyar da ta wuce shi.

Wata rana muna dawowa daga aiki ya tsaya a bakin titi ya nuna mini jerin shaguna. “Ka ga nan? Duk filin kakan kakana ne.”

Na ce, “Allah ya jiƙansa.”

“Amin. Ni kuma jikansa ga ni ina share ɗusar katako a rumfar haya.”

Daga ranar hirarsa ta koma guda ɗaya. Ya daina ganin alherin abin da ke hannunsa. Wani direban motar katako ne ya raɗa masa labarin wani boka da ke zaune bayan unguwar Atonsu, can inda motar haya take juyawa, sai an ratsa gonakin koko da ƙafa.

Da rana tsaka ya isa, amma ya ce mini yana sa ƙafa cikin ɗakin sai ya ji kamar an rufe shi a rijiya. Ɗakin ƙasa ne mara taga. An lulluɓe bango da jan yadi da ya dafe da hayaƙi. Daga rufi ƙahonin raguna ne ke reto, an cusa musu gashin tsuntsu. A tsakiya akwai turmi a kife, an shafe shi da wani abu baƙi mai danƙo, ƙudaje na bi amma ba sa yin ƙara. Jikin bango kuwa tuluna ne a jere, kowanne an toshe bakinsa da yumɓu an ɗaure da jan ƙyalle. Bokan tsoho ne siriri, idonsa ɗaya fari fat, kuma Hausarsa tsaf kamar haifaffen Zongo.

“Zauna, jikan madugu,” in ji shi.

Muhaimin bai gaya masa ko shi wane ne ba. Ya zauna, ya ce, “Arzikin gidanmu nake so ya dawo. Amma tun yanzu in gaya maka, ba na ba da jini. Ba na ba da uwata, ba na ba da 'ya'yana.”

Bokan ya yi dariya ba sauti. “Wa ya tambaye ka jini? Masu gaggawa ke kawo jini. Kai kana da abin da ya fi shi tsada, kana yawo da shi a jaka.”

“Takardu ne kawai.”

“Sunaye ne. Matattunka nake so. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya cikin tulun nan, daga na farko har kan ubanka, maza da mata. Mu ƙone takardun. Daga yau ba ka ambatonsu, ba ka yi musu sadaka, ba ka taka kabarinsu.”

“Me zai same su?”

“Suna ƙarƙashin ƙasa. Me kake gani zai same su?”

“Rayayyun gidana fa?”

Bokan ya dube shi da idon nan mai gani. “Na ce maka suna nake saye. Ka ji na ambaci mutum?”

Muhaimin ya ce a ransa, mutanen nan sun ci zamaninsu, sun bar shi da zarto. In sunansu zai ciyar da jikokinsu, ina laifi?

Bokan ya jawo sabon tulu, ya zuba wani ruwa mai wari, ya sa Muhaimin ya durƙusa ya kafa bakinsa a bakin tulun. Ya fara kira. Kowane suna ya faɗa, sai ya ji tulun ya amsa da wani gurnani daga ƙasa, kuma harshensa ya yi sanyi. Da ya zo kan sunan mahaifinsa sai ya tsaya. Ya tuna bai ma san fuskar mutumin ba, sunan nan ne kaɗai abin da ya gada.

“Ƙarasa,” in ji boka. “Ba a barin tulu da yunwa.”

Ya ƙarasa. Aka cinna wa takardun wuta a kan turmin, aka share tokar cikin tulu, aka liƙe da yumɓu.

Arziki bai yi jinkiri ba. Wani ɗan kwangila ya ba shi aikin ƙofofi da tagogin wani babban gini. Daga nan ya fara saro katakon odum daga daji da kansa. Kafin mu farga ya mallaki manyan motoci, ya buɗe wurin yankan katako mai injuna, ya gina bene a unguwar Dichemso mai dogon bango da ƙofar ƙarfe. Ya je Makka ya dawo, aka koma ce masa Alhaji. Waɗanda da ba sa amsa sallamarsa suka fara tono dangantaka da shi. Ya neme ni in zama mai kula da ma'aikatansa, na ce a bar ni da rumfata, amma ban daina zuwa gaishe da Mma Hajaratu ba.

A wurinta na fara jin abin da ya tayar mini da hankali. Na same ta a kan darduma, ɗakin sanyi ƙalau, ga ta ita kaɗai a ƙarshen wani dogon baranda. Muhaimin ya shigo, sai ta ce, “Ɗan nan, yau na ɗaga hannu zan yi wa mahaifinka addu'a, sunan ya ƙi zuwa. Ban taɓa faɗarsa da baki ba saboda kunya, amma kullum yana cikin zuciyata. Tuna mini.”

Ya kau da kai. “Tsufa ne, Mma. Ki huta.”

“Ina takardun adaka?”

“Suna wurin ajiya.”

Ta daɗe tana kallonsa.

Sai abin ya faɗo kan Baba. Yaro ne mai ƙiriniya da son ƙwallo, sai ya fara zama wuri ɗaya yana kallon bango. A makaranta malami ya kira sunansa na yanka, ba ya waiwayowa. Daga baya malamin ma ya ce in ya zo kan layin yaron a rajista sai idonsa ya tsallake. Yaro ya yi ta ramewa kamar ana tsotse shi. Asibiti suka yi gwaje-gwaje ba su ga komai ba. Wata safiya Salamatu ta kai masa koko ta tarar ya cika, idonsa a buɗe.

A wurin jana'iza liman ya juyo ya ce, “Yaya sunan mamacin?” Aka ce Baba. Ya ce sunan yanka yake tambaya. Jama'a suka dubi Muhaimin, Muhaimin ya buɗe baki ya rufe. Jama'a suka dubi juna. Wallahi ina wurin ranar sunan yaron, na ci naman ragonsa, na ji lokacin da aka yi shela. Har yau da nake muku magana ban iya tuno sunan nan ba.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Nana ta fara. Budurwa ce mai hankali, tana koyon ɗinki. Sai ta riƙa tsayawa cak tana kasa kunne, ta ce, “Ana kirana.” A ce wa ke kiranki? Ta ce, “Daga cikin tukunya.” Ta bi tukwanen gidan tana leƙawa. Ranar da aka same ta ta cusa kai cikin randar ruwa tana amsa kira, sai da mutum uku suka janye ta. Daga nan aka kulle ta a ɗaki, tana kuka tana cewa wurin ya yi matsi, tsofaffi sun yi yawa a ciki.

Muhaimin ya koma bayan Atonsu a guje. Ya tarar da bokan a zaune kamar yana jiransa.

“Ka cuce ni! Matattu na ba ka!”

“Suna ka ba ni,” in ji boka. “Abin da ke cikin tulun nan yana bin suna duk inda yake. Wanda ke kabari, ya same shi a kabari. Wanda ke yawo a tsakar gidanka, ya same shi a can. Ni na sa wa 'ya'yanka sunan?”

“Karɓi motocin, karɓi gidan. Dawo mini da su.”

“Ga tulunka can. Fasa in kana so.”

Muhaimin ya ɗaga tulun, ya ce nauyinsa ya kai na mutum, ya maka shi da ƙasa. Babu ruwa, babu toka, babu komai a ciki. Busasshe ƙayau.

“An riga an cinye,” in ji boka. “Ja mini ƙofa in za ka fita.”

Daga ranar dukiya ta juya baya. Motarsa ta kife da kaya a hanyar daji, wata ta bi ta. Gobara ta tashi a wurin injunansa da rana kata, ta cinye nasa ta tsaya a bangon maƙwabci. Mma Hajaratu kuwa ta fara sulalewa daga gida tana tafiya Tafo, tana bin kaburbura tana tambayar masu haƙa ko sun ga inda aka sa mijinta. Su ce wa ye sunansa, ta kasa tunawa. A can aka tsince ta wata rana, a zaune jikin wata bishiya, rai ya yi halinsa. Salamatu ta haɗa kayanta ta ɗauki Nana ta tafi garinsu a Arewa neman magani, ta ce ko a lahira ba ta son a haɗa ta da shi.

Muhaimin ya sake komawa gidan tsofaffin takardu. Ya zauna gaban littattafan nan yana bin jerin sunaye da yatsa daga safe har a tashi, bai san wanne ne nasa ba.

Zuwana na ƙarshe, na same shi a benen Dichemso, an kwashe kujeru, an yanke wuta, ciyawa ta fito a tsakar gida. Yana zaune a ƙasa a falon da muryar mutum ke dawo masa. Nan ya ba ni labarin duka. Da zan tafi ya riƙe mini riga.

“Abukari, ni bakina ya ƙazantu. Kai ka yi wa ubana addu'a, ko sau ɗaya.”

Na zauna na ɗaga hannu. Na ce, “Allah ka jiƙan…” Sai na tsaya, ni ma sunan ya ƙi zuwa. Ya zuba mini ido yana jira, leɓɓansa na motsi, yana neman abin da zai ƙarasa mini da shi. Daga baya na ce, “Allah ka jiƙan bayinka da ka sani, mu ba mu sani ba.” Ya kifa kai a gwiwa, ban ji amin ɗinsa ba.

Yana nan da rai har yanzu, shi kaɗai, ba mai shiga ba mai fita.

Ku da kuke hangen abin hannun wasu har barci ya gagare ku, ku ji da kyau. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba ya gaya maka farashi gaba ɗaya. Zai nemi abin da kake ganin ba ka da asara in ka bayar, alhali ya fi ka sanin inda igiyarsa ta ɗaure. Duk wanda ya kai ƙafarsa ɗakin tsafi neman dukiya ya saɓa wa Ubangijinsa, kuma ba shi kaɗai zai biya ba. Ku riƙe halalinku ko da kaɗan ne, ku yi wa iyayenku addu'a tun kuna iya kiran sunansu.