Hannun da Almakashi Ya Raba

Yamma ce irin ta kullum. Mai hoto yana zaune a ɗan ɗakin aikinsa na cikin gida, ya kunna akwatin haske, ya shimfiɗa dogon fim a kan gilashin. Shekara talatin yana wannan aiki da hannu. Yakan yanka hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauka da hantsaki, ya daidaita a tagar ɗan kwali, ya ninke. Sai 'yarsa, budurwa mai karatun jinya, ta danne gefen da dutsen guga har ya manne. Hotunan wani kangon gida ne da ya ɗauka a bakin rafi, yana so ya haska su a majigi.

Rana ta yi ja, idonsa ya gaji. Almakashi ya kauce, ya ci gefen hoto na tara. Ya ɗaga shi ga haske. A ƙofar kangon, inda ya tabbata babu kowa ran nan, ga wata yarinya tsaye, kaifin ya raba ta da hannun dama.

"Tabo ne kawai," ya ce, ya jefa guntun a kwandon shara.

Bai rufe baki ba dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Kwana huɗu, duk magariba sai an yi jifa. Duwatsun masu santsi ne, a jiƙe, irin na rafi. In jifan ya tsaya, sai gidan ya yi tsit, sannan a ji wata mace tana nishi a bayan ƙofar ɗakin aiki. A rana ta biyar dutsen guga ya suɓuce wa 'yar. Hannunta na dama ya saki kamar tsumma. Ta ɗago ta dubi mahaifinta da idon da ba nata ba.

Matarsa ce ta ɗauko malam, wani dattijo marar yawan magana. Ya zauna gaban 'yar bayan la'asar, ya yi ta karatu har inuwa ta cinye tsakar gida. Can bakinta ya buɗe, muryar wata tsohuwar aljana ta fito.

"Ya shigo gidana ba sallama, na yi shiru. Ya ɗauke inuwar 'yata a akwatinsa, na yi shiru. Sai kuma ya sa mata ƙarfe."

"Wannan baiwar Allah ba ta riƙe almakashi ba," in ji malam.

"Tawa me ta riƙe? Kwana biyar tana kuka. Hannu zan ɗauka a madadin hannu."

"In aka mayar miki da abin da aka yanke fa?"

Matar mai hoto ta ruga ta zazzage kwandon shara, ta tsinto guntun, bai fi farce ba. Mai hoto ya durƙusa gaban akwatin haske, ya haɗa baki da baki, ya liƙe. Bai taɓa yin aiki a hankali haka ba.

"Ya haɗu," muryar ta ce. "Amma tabon yana nan har ta tsufa. Ba zan fita haka nan ba."

"To ɗauki nawa hannun," in ji mai hoto.

"Kul!" malam ya daka masa tsawa, amma magana ta riga ta fita.

Aljanar ta yi wata dariya marar daɗi. "Yatsu biyun da suka matse almakashi sun ishe ni."

Malam ya ɗaure ta da rantsuwa sau uku, cewa ita da zuriyarta ba za su ƙara taka gidan nan ba. 'Yar ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife a cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, muryarta ce.

"Baba, ƙishirwa nake ji."

Ta miƙo hannun dama. Mahaifinta ya tashi da sauri ya ɗauko kofi, kofin ya zame ya tarwatse a ƙasa. Babban yatsansa da manuni sun yi sanyi kamar dutse.

Da safe ya kai fim ɗin bakin rafi, ya yi sallama, ya ajiye a ƙofar kangon. Yanzu 'yar ce ke ɓalla masa maɓallin riga kafin ta fita asibiti. Tana ta kawo masa magungunan jijiya, shi kuma yana sha, bai taɓa gaya mata komai ba.