Nawa Allon Ya Ce?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai suna Nokwanda. Allah ya ba ta murya mai daɗi. Amma fa akwai ta da gaggawa! Ko shayi ba ta iya jira ya huce.

Wata Asabar aka shirya gasar waƙa ta makarantu a birnin Durban. Malama Zwane ta zaɓi Nokwanda ta rera baitin farko ita kaɗai. Sauran yara sun wuce tun sassafe a motar makaranta. Ita kuwa Baba ne zai kai ta, tare da ƙaninta Menzi. Sai dai ba su fita da wuri ba, domin Menzi ya ɓatar da takalminsa ƙafa ɗaya.

A babbar hanya akwai alluna masu wuta da ke faɗa wa direbobi iyakar gudu. Lambar jikinsu tana canzawa. Yanzu su ce ɗari da ashirin, an jima su ce tamanin. Duk tafiyar da za a yi, Nokwanda ce mai karanta wa Baba su da ƙarfi. Tana ji da wannan aiki ƙwarai.

"Baba, don Allah ka taka motar nan mana," in ji ta. "Tafiyar hawainiya muke yi!"

Baba ya yi dariya. "Sarauniyar sauri! Allo ne mai gida a nan, ba ni ba."

Menzi yana baya, ya rungume kwanon amagwinya, wani irin fanke da Mama ta soya musu. Ya ce, "Ni dai ko gobe mu isa. Ina da abinci."

Nokwanda ta ce, "Rufe mana baki, acici! Ba kai ka makarar da mu ba?"

Suna fara hawan dutse, sai Baba ya juya yana duba madubi, zai wuce wata babbar mota. A daidai lokacin Nokwanda ta hango allo. Sittin ya nuna, ɓaro-ɓaro. Kafin Baba ya waiwayo, babbar motar ta tare allon.

"Nawa allon ya ce?" Baba ya tambaya.

Nokwanda ta kalli sama. Rana tana haske, hanya fes. Ta ce a ranta, allon nan ya rikice ne kawai.

"Ɗari da ashirin," in ji ta.

Baba ya yarda, ya ƙara wuta.

Suna shan kwana, sai ga hazo ya sauko daga dutse ya rufe hanya ruf. Ba a ganin komai sai jajayen fitilu. Ashe motoci ne a gaba, sun yi layi suna tafiya a hankali!

Baba ya taka burki da ƙarfi. Ƙiii! Mota ta zame ta sauka gefen hanya. Taya ta daki dutse ta fashe. Amagwinya suka watse ko'ina. Menzi ya tsala ihu, domin kwanon ya buge masa leɓe.

Baba ya fito da sauri ya duba shi. "Sannu, ɗana, sannu. Mun gode Allah da ka ɗaura bel."

Nokwanda ta ga jini a bakin ƙaninta. Kunya da tsoro suka kama ta, ta fashe da kuka.

"Baba, sittin allon ya ce. Ƙarya na yi. Na ga babu komai a hanya."

Baba ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Ke iyakar kwana kike gani, 'yata. Masu kula da hanyar nan suna da na'urorin ɗaukar hoto har bayan dutse. Sun ga hazo tun kafin mu zo, shi ya sa suka rage lambar. Na tambaye ki ne don na yarda da ke."

"Ka yafe mini, Baba. Menzi, ka yi haƙuri."

Menzi ya share hawaye. "Sai kin tsince mini amagwinyana, Yaya."

Ta tsince su tas. Ta riƙe wa Baba kusoshi har ya gama canza taya.

Da suka hau hanya, Baba ya sake tambaya, "Nawa allon ya ce?"

Nokwanda ba ta zaci zai ƙara tambayarta ba. Ta goge ido ta duba da kyau. "Sittin, Baba."

Haka suka bi a hankali har hazo ya yaye.

Ko da suka isa zauren gasa, 'yan makarantarsu sun gama waƙar farko. Wata yarinya ce ta rera baitin Nokwanda. Abin ya yi mata zafi sosai. Ta je ta gaya wa Malama Zwane duk abin da ya faru, ba ta ɓoye komai ba.

Malama ta dafa kafaɗarta. "Baiti dai ya wuce, amma ga ki da ranki, ga ƙaninki. Maza shiga layi, saura waƙa ta biyu."

Nokwanda ta hau ta tsaya cikin ƙawayenta. Ta rera da dukkan zuciyarta. Daga can ƙasa ta hango Menzi a kafaɗar Baba, leɓe a kumbure, yana ta tafi yana ihu, "Yayata ce! Waccan yayata ce!"

Tun daga ranar ta gane cewa dokar hanya don kare rai aka yi ta. Kuma idan wani ya dogara da maganarka, to ka faɗa masa gaskiya, ko da za ka makara.